Ƙasar Da Ummi Ta Zagaye

"Don Allah ki ce wani abu! Jibi fa za su rufe karɓar takardu!"

Abban Ummi ya ajiye takardun biyu a kan keken ɗinkina. Shekara guda ke nan da rufe asibitin da yake aikin jinya, sai ga ƙasashe biyu sun kira shi lokaci ɗaya. Kowa sai barka yake mana, ni kuwa ban ga abin barka ba.

Ta farkon ƙasar sanyi ce, ta yarda ya zo da matarsa da ƴaƴan cikinsa. Ta biyun kuwa shi kaɗai take so, shekara huɗu, hutun wata ɗaya a shekara.

"Ai Ummi ta riga ta zaɓa," na ce, ina nuna taswirar da ke bango, inda ta zagaye ƙasar sanyin da jan biro.

"Ummi ba ta san abin da ke cikin takardar haihuwarta ba..."

Ƙanwata ce ta haifi Ummi, ta rasu bayan kwana uku. Tun ranar na goya ta, mu kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Yau shekararta bakwai, ba ta san wata uwa ba sai ni. Amma ina ruwan takarda da goyo? Ofishin jakadanci ya ce sai ubanta ya sa hannu, uban da muka nema har muka gaji, lambarsa shekara shida a kashe.

"Mu bar ta wurin yayata, wata shida kawai, kafin a samo shi..."

"Wata shida? Kalli idona ka sake faɗa."

Ya durƙusa gabana ya riƙe hannuna.

"To ke zan bari, rabin raina? Ni da ko shayi ban iya sha ba sai kin fifita mini?"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

"Wallahi ina sonka, Abban Ummi, son da ban san yadda zan yi da shi ba. Amma ba zan iya kulle akwati tana kallona ba."

"Ni ma ba zan iya ba. Kuma ba zan iya ci gaba da zama ina kallonki kina ɗinki har bayanki ya ƙage ba."

Sai ga Ummi nan da gudu daga ɗaki, sanye da rigar sanyin da ta matsa mini na ɗinka mata, gumi na tsiyaya a goshinta.

"Abba, na shirya! Ta yi mini kyau?"

"Ta yi, Mamana. Sosai."

Ya jawo takarda ta biyu. Ya sa hannu, ni kuma na kasa hana shi.

Ummi ta leƙa, ta harhaɗa sunan ƙasar a hankali, ta kalli taswira.

"Kai Abba, ka yi kuskure! Ba ita na zagaye ba!"

Ya rungume ta da rigar sanyinta, ya ɓoye fuskarsa a kafaɗarta.

"Na sani, Mamana. Wannan ce ta fi saurin dawowa gida."