Ruwan da Bai Sauka a Maska Ba

Ran Talata da hantsi masu noma suka tsinci gawar Baba Atu a cikin masararsa, a bayan Maska. Likita ya ce ya kai kwana tara da mutuwa, kuma duka aka yi masa a ƙeya. Abin da ya ɗaure wa 'yarsa Fibi kai shi ne, har safiyar Talatar nan wayar tsohon tana aika saƙo.

Baba Atu na cikin manoma ɗari huɗu da wata cibiyar binciken noma ta kafa wa ma'aunin ruwan sama a gona. Kowace safiya sai ya duba, ya tura lambar ta waya. Da damina a bukkar gona yake tarewa shi kaɗai, shi ya sa ba wanda ya yi cigiyarsa. In ya yi shiru kwana biyu, cibiyar kan turo mutum a babur. To, bai yi shirun ba.

Sifeto Mahadi na Funtua ya fara da Jibo, maƙwabcin gonarsa.

"Kun yi rigima a kan iyaka?"

"Shekara ashirin muna yi, Yallaɓai. Da ta kisa ce, ai da tuni an wuce wurin."

"Ka iya tura saƙo ta waya?"

"Ko sunana ban iya rubutawa ba."

Aka sallame shi. Saura Luke, ƙanen Fibi, wanda ya yi cacar baki da tsohon ya tafi Dandume cikin fushi. Ba shi da shaidar inda ya wuni ranar kisan. Sifeto ya sa shi bayan kanta, ya ce gobe sai kotu, don kafin kamfanin waya ya gano inda wayar take an yi makonni.

Fibi ta zauna a kan bencin ofishin. Ta rasa uba, ga ɗan'uwa ɗaya tilo zai bi. Mijinta Paul, wanda ya kawo ta daga Malumfashi, yana waje a kan babur yana jiranta.

Nan Dakta Angela ta cibiyar ta shigo da kwamfutarta.

"Kullum na'urarmu tana gwada lambar kowane manomi da ta maƙwabtansa da hotunan tauraron ɗan'adam," in ji ta. "Tun makon jiya take zargin ma'aunin Baba. Mun ɗauka tsagewa ya yi."

"Wato lambobin ƙarya ne?" Sifeto ya tambaya.

"A'a. Mai ƙirƙirar lamba ya fi son cikakkiya, irin su biyar da goma. Waɗannan aunawa aka yi da gaske, amma ba a Maska ba. Ran Alhamis ko ɗigo bai sauka a can ba, saƙon kuwa ya ce milimita ashirin da uku."

"Dandume fa?"

"Bai dace ba ko kwana ɗaya. Ka san ruwan ƙasar nan, sai ya jiƙa gona ya tsallake ta kusa. Mun gwada da duka ɗari huɗun. Guda ɗaya ne ya yi daidai kwana tara a jere, na gonar wata firamare a gabashin Malumfashi."

Fibi ta san wurin. Tsakanin katangar makarantar nan da gidansu bai fi taku hamsin ba. Sai ta tuna gwangwanin madarar da Paul ya ɗora a kan katanga, da yadda yake fita da sassafe da rular yara yana tsomawa a ciki. Ya ce mata lokacin zuba taki yake dubawa. Ita da kanta ta riƙa korar kaji kada su kifar masa.

Ta leƙa ta taga. Paul ya ɗago mata hannu, alamar ta yi sauri. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, na mutumin da ta dafa wa tuwo jiya.

"Yallaɓai," ta ce, muryarta can ƙasa, "don Allah kada ka bari in hau babur ɗin nan."

A ƙarƙashin kujerar babur aka sami wayar, naɗe cikin leda. Paul bai yi dogon musu ba. Masarar kasuwa yake rinawa yana sayar wa manoma da sunan ingantaccen iri. Surukin ya gano, ya ce zai kai ƙara.

"An gan ka a Maska ranar," Sifeto ya ce masa, "sai ka so a ɗauka ka bar shi da rai, kuma kada cibiya ta turo kowa. Ka ji tsoron a gane lambar ƙarya, ka auna ta gaskiya. Ruwan gidanka ka yi ta aikawa."

Da la'asar aka fito da Luke, idanunsa jajir.

"Yaya, wa ya kashe Baba?"

Fibi ta riƙe hannunsa gam. A Malumfashi yara uku na jiran babansu ya dawo da ita, kuma su ma tambayar da za su yi mata ke nan.