Tsattsewar Kan Sabulu

Ta shigo ofishinsa da sabulu biyu, ta dire su kan tebur.

"Lauya, wanne ne nawa?"

Ya duba. Kowanne da tambarin tsattsewa, launi ɗaya, takarda ɗaya. Ya ɗago ya kalle ta, sai ya manta da sabulun.

"Kai ma ka kasa ko? Wannan jabu ne. Yana ƙona fata, ni ake zagi."

Kare tambarin masu sana'a shi ne aikinsa, kuma ba abin da ke tafasa masa zuciya kamar a ce "ai kowa ma haka yake yi". Ya soma yi mata rajista. Kafin takardu su fito, har ya raɗa mata suna.

Ya tura mata saƙo: "Tsattsewata, kin ci abinci?"

Ta mayar: "Lauyana, nemo min ɓarawona tukuna."

Ya nemo. Ashe Baffansa ne, ƙanin mahaifinsa.

Mahaifinsa, da ya san yana son aurenta, ya yi tsalle ya dire. "Ƙanina za ka kai kotu a kan hoton tsuntsu? Yarinyar da ta raba zumunci tun tana waje ba za ta shigo gidana ba!"

"Baba, ba tsuntsu ba ne. Guminta ne, mutuncinta ne."

Da ta ji shi shiru, ta rubuto: "Na gane, naka sai naka. Ka bar maganar."

Bai bari ba. Ya sami Baffa a shago, ya ajiye masa sabulun biyu.

"Baffa, da wanne za a yi wa jikarka wanka?"

Baffa ya sunsuna wannan, ya sunsuna wancan. Hannunsa ya tsaya a kan nata. Ya harari ɗan yayansa.

"Ja'iri! Karatun da muka kai ka ke nan?"

"Ka gyara haɗinka, ka zaɓi naka tambarin. Ni zan yi maka rajista."

Baffa da kansa ya je ya lallashi yayansa.

Ranar aure Baffa ya iso da kwali guda na sabon sabulunsa.

"Amarya, duba da kyau, tambarin zakara ne! Kada mijinki ya maka ni kotu."

Aka fashe da dariya. Mahaifin ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, 'yata."

Wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga angon, yana zaune kusa da ita.

"Tsattsewata, kowace rajista sai an sabunta ta. Ban da wannan ta aurenmu."