Ƙafar da Ta Ƙi Taka Inabi

Falon Alhaji Maidaji da ke unguwar Dengfeng, a birnin Guangzhou na ƙasar Sinawa, ya kaure da hayaniyar talabijin, ana nuna masu tsere a gasar Olamfik. Hajiya Mero tana yankan alayyafo tana yi wa 'yar Najeriya addu'a, duk da dai yarinyar tana can baya tana haki. 'Yarsu Nana Hafsat kuwa ko kallon akwatin ba ta yi, tana kwance da waya a hannu tana ta murmushi. Ba sai an tambaya da wa take hira ba. Musaddiq ne, matashin da ke tura wa 'yan kasuwa kaya daga ofishinsa da ke ginin kasuwanci na Tianxiu, wanda aka sa ranar aurensu washegarin ƙaramar Sallah.

Alhaji ya turo ƙofa da sallama, bakinsa har kunne, yana kaɗa wani ɗan littafi mai sheƙi.

"Nana! Tashi ki ga abin da Allah Ya yi miki! Lawban ya gama mana komai!"

Lawban shi ne yadda ake kiran ubangida a kasuwar Guangzhou. Na Alhaji kuwa Mista Liang ne, mai masana'antar tayil, wanda ya fi shekara goma yana loda masa kwantena zuwa Kano. A wannan shekarar da biza ta yi wuya har mutane da yawa suka tattara suka koma gida, shi ya tsaya wa Alhaji.

"Fotugal!" in ji Alhaji. "Shi da matarsa za su je hutu bayan Sallah, ya ce amarya da ango su ne manyan baƙinsa. Gudummawarsa ta biki ke nan. Otal na sarakuna, mota da direba, ga mai yi muku jagora!"

Hafsat ta karɓi littafin ta shiga buɗewa. Ga Lisbon da jiragen ƙasanta 'yan ƙanana masu hawa tudu. Ga gidaje an lulluɓe bangonsu da shuɗin tayil tun daga ƙasa har sama, abin da Mista Liang ya daɗe yana burin ya gani da idonsa. Ga ganuwar da Musulmi suka gina a kan dutsen Sintra, ga Porto da gadarta ta ƙarfe. Ta daka tsalle ta rungume uwarta.

"Umma, honimun a Turai! Wayyo, ƙawayena sai sun mutu!"

"Ke dai Allah Ya shirye ki," in ji Hajiya, tana dariya.

Da yamma Musaddiq ya zo, ya durƙusa ya gaida Alhaji, aka miƙa masa littafin. Shi mutum ne mai karanta abu har ƙarshe, halin da Hafsat take so a wurinsa, take kuma jin haushinsa wani lokaci. Ya yi ta murmushi har ya kai shafin kwarin Douro, inda gonakin inabi suka hau duwatsu hawa-hawa. A nan murmushin ya ɗauke. Hoto ne na mutane sun naɗe wando, sun shiga wani babban kwamin dutse, suna tattake inabi da ƙafa.

"Baba, wannan fa?"

"Ai nan ne wurin!" in ji Alhaji. "An tsara ku ne za ku fara shiga, amarya da ango. Za a ɗauki hoto a sa a kalandar kamfani."

Musaddiq ya sunkuyar da kai. "Baba, a gafarce ni. Abin da ake takawar nan giya za a yi da shi. Zan je ko'ina, zan yi wa Lawban godiya da duk bakina. Amma ƙafata ba za ta shiga kwamin nan ba."

"Wa ya ce ka sha? Ƙafa ce fa kawai!"

"Mai matsa ta ma an haɗa shi da mai shan ta, Baba. Ko a gaya wa Lawban a cire wannan ɗin—"

"A gaya masa!" Alhaji ya miƙe tsaye. "Kai yaushe ka zo ƙasar nan? Mutanen nan ba a gyara musu kyauta. Ka ce a cire wani abu, ka ce masa kyautarsa ƙazanta ce ke nan! Ni da kake gani, sau nawa na zauna a teburinsa ana ɗaga kofi, na ɗaga nawa na kai bakin leɓe na ajiye? Na mutu? Sai kai ne malami!"

"Ban fi kowa ba, Baba. Ba zan iya ba ne."

"To ka ji. Wanda zai zubar min da mutunci a gaban mutumin da ya riƙe ni, ba zai zama surukina ba. Ko ka shiga kwamin nan, ko ka nemi wata matar!"

Hafsat da ke laɓe a bayan labule ta ji komai. Ta bi Musaddiq har bakin matakala, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haba Yaya Musaddiq! Minti nawa ne? Ka shiga, a ɗauki hoto, ka fito ka wanke ƙafa, ka yi istigfari. A kan inabi za ka rabu da ni?"

"Nana, wallahi ba ni da abin da nake so a duniya kamar ki. Amma in na fara zamanmu da abin da na san haramun ne don in faranta wa wani, gobe me zan ƙi yi? Ke ma ba za ki ƙara yarda da ni ba."

"Ka tafi kawai! Tunda taurin kanka ya fi ni!"

Ya tafi ɗin kuwa, a hankali, yana waiwaye. Ta koma ɗaki ta ci kuka har idonta ya kumbura. Haushinsa take ji sosai, abin da ya fi ba ta haushi kuma shi ne ta san yana da gaskiya.

Azumi ya kama. Alhaji ya hana a ambaci sunan Musaddiq a gidan, ya kuma kasa gaya wa Mista Liang an fasa, kullum sai ya ce gobe. Hajiya ta gwada lallashi, ya ce ta fita daga maganar. Hafsat ba ta yi wa mahaifinta tsawa ba, ba ta yi yaji ba, ba ta kuma saci hanya ta je Tianxiu ba. Tana dama masa kunu, tana soya masa ƙosai, tana goge masa kaya. Saƙo ɗaya ta tura wa Musaddiq, ta ce ya yafe mata abin da ta faɗa, kada ya sauya, ita tana nan. Sauran ta bar wa sallar asuba. Ta rame, amma ko kaɗan ba ta taɓa jin cewa maganar ta ƙare ba.

Ana tsakiyar azumi bikin wata na Sinawa ya zo, lokacin da suke kai wa abokan arziki kek mai siffar wata. Bayan la'asar sai ga Mista Liang da kansa, ɗan gajeren dattijo mai furfura, riƙe da jan kwali. Sinancin Alhaji na kasuwa ne: sannu, na gode, nawa, babu. Duk maganar da ta wuce haka Hafsat ce tafinta, don ita a jami'a take karatu da harshen. Aka kira ta, ta zauna a gefen kafet.

Bayan gaisuwa baƙon ya duba falon ya yi tambaya.

"Abba, ya ce ina ango? Yana so a auna shi, zai ɗinka masa kwat ta tafiya."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ce masa ba shi da lafiya. Ce masa likita ya hana shi tafiya."

Hafsat ta dubi mahaifinta.

"Abba, ka yi haƙuri. Azumi nake yi, kai ma azumi kake. Duk abin da ka sa ni zan yi, ban da wannan. In ka ba ni izini in gaya masa gaskiya, zan faɗa da ladabi. In ba ka ba ni ba, zan yi shiru."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ban isa ba, Abba. Bakina ne kawai ba zai iya ba."

Alhaji ya juya ga baƙonsa ya buɗe baki. Ina! Da sannu da nawa da babu ba a ƙera ƙarya mai tsawo. Mista Liang yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga hawaye a idon yarinyar, ya ajiye kwalinsa. Gumi ya keto wa Alhaji duk da sanyin na'ura. Daga bakin kicin Hajiya ta ce a hankali, "Alhaji, ka bar ta ta faɗa." Ya yarfe hannu kamar wanda aka ƙwace wa kaya.

"Faɗa masa. In ya kore ni, ku kuka jawo."

Ta faɗa masa duka: kwamin inabi, abin da addini ya ce, abin da Musaddiq ya ce, da auren da aka fasa don kada ransa ya ɓaci. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ransa ya ɓaci kuwa, kowa ya gani. Ya jawo jan kwalin ya nuna wani koren tambari a gefensa, ya fara magana, Hafsat tana juyawa.

"Ya ce, Abba, ka san wannan alamar? Ta halal ce. Ya ce kek ɗin da ake sayarwa a unguwarsu da man alade ake yin wasu, shi ya sa duk shekara yake ratsa gari ya sayo maka wannan a wurin Musulmi."

Alhaji ya ƙura wa kwalin ido. Shekara da shekaru yana cin kek ɗin nan, bai taɓa lura ba.

"Ya ce kofin da kake ɗagawa a teburinsa kana ajiyewa, da ka taɓa kurɓa da ka ji shayi ne mai sanyi. Tun zamanku na farko ya ga ka ajiye kofin ba ka sha ba, ya hana a ƙara zuba maka giya. Bai gaya maka ba don kada ka ji kunya."

Dattijon ya ƙara magana, Hafsat ta ci gaba da juyawa.

"Ya ce shi tayil zai je kallo. Taka inabi kamfanin yawon ne ya sa, shi bai san laifi ba ne a wurinmu, da waya ɗaya za a cire. Ya ce abin da ya yi masa ciwo... ya ce shi ya ɗauke ka aboki. Ashe kai ka gwammace ka jefar da surukinka, ka sa 'yarka kuka, da ka gaya masa kalma ɗaya. Ya ce ashe tsoronsa kake ji, ba ka san shi ba."

Alhaji Maidaji, wanda ake jin muryarsa tun daga ƙasan bene in yana ciniki, ya sunkuyar da kai. Ya cire hula ya mayar. Idonsa ya kawo ruwa.

"Nana, ce masa na yi kuskure. Ce masa ya yafe min." Ya ɗan tsaya. "Ke ma ki yafe min."

"Haba Abba!" Ta fashe da kuka.

Mista Liang ya dafa kafaɗarsa ya ƙara wata magana, wannan karon da murmushi.

"Ya ce yana so ya ga yaron nan mai taurin kai. Ya ce irinsa ake ba ajiyar kaya a yi barci."

Alhaji bai aika kowa ba. Ya zura takalmi ya nufi Tianxiu da ƙafarsa, da azumi a bakinsa, ya hau har ofishin Musaddiq a gaban 'yan Kano da 'yan Nijar da ke ɗaure kwalaye. Musaddiq ya zabura zai durƙusa, ya riƙo hannunsa.

"Tashi, ɗana. Rufe ofishin nan, a gida za ka sha ruwa."

Aka ɗaura aure washegarin Sallah kamar yadda aka sa. Suka ga Lisbon, suka hau ɗan jirgin tudu Hafsat tana ihu tana riƙe rigar mijinta. Mista Liang ya yi ta shafa bangon mutane yana girgiza kai, har matarsa ta gaji ta ja shi. A kan ganuwar Sintra jagoran ya nuna musu inda Musulmin zamanin da suka zauna, Musaddiq ya duba alƙibla suka yi azahar a gefe.

Da aka iso kwarin Douro, sauran 'yan yawo suka naɗe wando suka nufi kwami ana kiɗa. Su kuwa an shimfiɗa musu tebur can a gindin zaitun, da gasasshen kifi da tulin inabi ɗanye, Mista Liang da matarsa suna zaune tare da su da butar shayi. Hafsat ta tsinki ƙwaya ɗaya ta miƙa wa mijinta, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Me kike dubawa?"

"Ƙafar nan da ta kusa hana ni aure," in ji ta. "Allah Ya yi mata albarka. Kada ka kuskura ka sauya ta."

To, 'yan'uwa, haƙurin Hafsat bai zama na ƙarya ba, biyayyarta kuma ba ta kai ta ga saɓon Allah ba, shi ya sa ta samu mijinta ba ta rasa ubanta ba. Wanda duk yake ƙaunarka don Allah ba zai guje ka don ka gaya masa iyakar addininka cikin ladabi ba. Alhaji ya kusa rasa suruki na gari saboda tsoron mutumin da ya fi shekara goma yana zuba masa shayi.