Yawun Kaka Kaltumi

"Maimaita mini, Naziru. Ban ji da kyau ba."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur ɗinsa. Muna tsaye ne a bayan gidanmu a Gagamari, inda Baba ya shanya tattasai, fili ya yi ja wur har bakin hanya.

"Hajiyarmu ta ce a ɗan dakata da turo magabata..."

"Saboda me?"

"Ba ke take ƙi ba, Balkisa, wallahi tana yabonki. Maganar asali ce. Ta ce gefen Babanki an san shi kaka da kakanni, amma gefen uwa..."

"Ƙarasa mana. Kaka Kaltumi tsintacciya ce, haka aka faɗa mata a kasuwa ko?"

Ni kuwa ban iya fushi a hankali ba, haka Allah ya yi ni.

"To ka je Damagaram ta zaɓo maka mai asali, wadda aka san kakarta tun daga Annabi Adamu."

"Haba rabin raina..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau."

Na juya na shige gida. Ina shiga ɗaki hawaye suka ɓalle, don ina son Naziru son da ni kaina yake ba ni haushi. Iyayensa 'yan kasuwa ne daga Damagaram, suna da shagon atamfa a kasuwar Diffa. A nan na fara ganinsa, na yi ta tayin zanen da ban da niyyar saya.

Kaka Kaltumi ita ta haifi mahaifiyata, kuma ba tsintar ta aka yi ba. A zamanin da ake tafiya Makka a ƙafa, wani ayarin mahajjata ya sauka a bakin kogin Komadugu. Cikinsu akwai miji da mata da 'yar ƙaramar yarinya da ƙyanda ta kwantar. Ayari ba ya jira. Suka ba wani gidan Barebari manoma amanarta, suka ce in sun dawo za su karɓa. Ba su dawo ba. Waɗanda suka riƙe ta su suka sa mata Kaltumi, suka aurar da ita, suka mutu ba su san garin iyayenta ba, sai dai "mutanen yamma ne". Ta haura saba'in, amma har lokacin in baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta gyara mayafi.

Ban ƙara ganin Naziru ba sai da aka gama ɗaure buhunan tattasai. A shekarar 2008 ke nan. Ya zo da wani ɗan kwali a hannu, fuskarsa ta faɗa.

"In kin gama fushi, ina da magana."

"Ban gama ba, amma faɗi."

Ya ce abokinsa da ke karatu a Kanada ne ya aiko. Wai akwai kamfanin da ake aika wa yawu, su duba wani abu a jikin mutum da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta, ita ma daga uwarta ta samo, haka har can baya. In wani a duniya ya yi gwajin kuma nasa ya zo ɗaya da naka, sai su haɗa ku.

"Yawu?" na ce. "Naziru, rana ce ta taɓa ka?"

"Gwajin DNA ake ce masa. Mu gwada, ko Allah zai sa a dace. Ni dai ba zan auri wata ba, kuma ba zan saɓa wa Hajiya ba. Ki gaya mini wace hanya ta rage."

Sai na kai shi wurin Kaka.

Tana zaune a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Da ta gan shi ta washe baki.

"A'a, angona ne? Na ɗauka ka sake ni."

"Wa ya isa, Kaka."

Ya yi mata bayani, ya fito da ɗan tsinke mai auduga a kai. Nan take dariyarta ta ɗauke.

"Yawuna na tofi ne, ɗan nan. Da shi nake wa jikokina addu'a. In Nasara ya tafi da shi bayan teku, na san me zai haɗa da shi?"

Muka yi lallashi har muka gaji. Can sai Naziru ya buɗe kwalin, ya ciro tsinke na biyu, wanda abokin ya ƙaro ko da ɗaya zai lalace.

"To duba, Kaka. Ni zan fara. In da mugun abu a ciki, ya fara ci na."

Ya goga tsinken a cikin kumatunsa, ya rufe a kwalba, ya rubuta sunansa. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sai ta karɓi nata, ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta tofa a kai, sannan ta sa a baki.

"Je ka," ta ce wa tsinken a hankali. "In ka gan su, ka ce ina nan inda suka bar ni."

Na tashi na shiga madafa, wai zan duba wuta.

Damina ta zo, Komadugu ya kawo ruwa, aka fara dashen tattasai. Ni har na cire rai. Sai ran nan da hantsi Naziru ya kira ni a salula, muryarsa wata iri.

"Ki zo siber, shagon intanet ɗin nan na bakin kasuwa, yanzu."

Na same shi gaban ordinata, wato kwamfuta, gumi ya jiƙa masa riga. A allon akwai taswirar duniya da kibiyoyi, da wasu haruffa da lambobi da ba su ce mini komai ba.

"Ba wannan ba," ya ce. "Duba ƙasa. Cikin duk mutanen da suka yi gwaji a wurinsu, mutum ɗaya ne ya zo daidai da Kaka."

"A ina yake? Sudan? Makka?"

Ya nuna da yatsa. Na matsa na karanta. Sunansa ne, Naziru Usmanu, Nijar.

Na dube shi, na dubi allon. Dariya ta kama ni, irin wadda kuka ke bayanta.

"Ka aika yawu har bayan teku don a ce maka kai ne kai? Ba a ambulan ɗaya ka zuba su ba?"

"A ɗaya ne..."

"To sun cakuɗe. Ka ga abin da ka ja mana, an sa tsohuwa ta sa rai a banza."

"Na kira abokina. Ya ce da wuya a yi irin wannan kuskure, amma in muna shakka mu sake a wani kamfani dabam, a wata ƙasa. Kuma kar a sa nawa. A sa na Hajiya. Nawa ai daga gare ta na samo."

Sai a lokacin maganar ta shige ni. Na nemi kujera na zauna.

Hajiya Uwani ba ta yarda don ta gaskata ba, ta yarda ne don ta ƙaryata. Da kayan gwaji na biyu suka iso, da kanta ta shigo mota ta zo Gagamari, karo na farko da ta taka gidanmu. Ta gaishe da Kaka da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, amma fuskar nan ba annuri.

"Da hannuna zan rufe kowanne," ta ce wa Naziru. "Nata ya tafi yau, nawa wani satin. In ga ta inda za su cakuɗe."

Haka kuwa aka yi.

Jiran nan na biyu ya fi na farko wuya. In Naziru ya zo hira, sai mu zauna muna kallon masu ban ruwa a gona. Wata rana na tambaye shi, in ya zo dabam fa? Ya ce to sai ya ci gaba da roƙon Hajiya har ya yi furfura, ni ma in yi tawa a gidan Baba. Na ce Allah ya kiyaye, amma na ji daɗi.

Tattasai ya fara ja lokacin da amsa ta zo. Wannan karon su biyu suka zo, shi da Hajiya. Daga yadda ta cire takalmi tun a zaure na san abin da ke ciki.

"Ɗaya ne," Naziru ya ce. "Kamfanin ya ce mace ɗaya ce ta haifo layinsu. Amma ba su san yaushe ba, ko kusa ne ko shekaru ɗaruruwa."

Hajiya ta zauna a gefen tabarmar Kaka, ba ta jira an kawo mata kujera ba.

"Kaka, ki yi haƙuri da tambayata. A ina aka tsince ki?"

"Ba tsinta ta aka yi ba, 'yar nan. Ajiye ni aka yi. Iyayena mahajjata ne, ƙyanda ta hana ni bin su."

Hajiya ta dafe ƙirji. Sannan ta ce, "Innata tana da ƙanwa. Iyayensu sun tafi Makka a ƙasa da ƙaramar a goye, suka bar Inna wurin kakarta. Amma an ce duka ukun sun rasu a hanya... haka aka ce mana."

Kaka ta ajiye carbinta a hankali.

"Innar taki tana da rai?"

"Tana Damagaram."

Sunanta Inna Amarya, ta haura tamanin amma sunan amarci bai sake ta ba. 'Ya'yanta suka ce hanya ta yi mata nisa, ta ce ko a kan jaki ne sai ta zo. Ranar da za su iso, Kaka ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura zanen da take ajiya na Sallah, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Abinci ma ta ƙi ci.

Da la'asar mota ta tsaya. Naziru ya shigo riƙe da hannun wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai sanda. Ta tako har tsakiyar gida, ta ɗaga kai, ta ga Kaka. Sandar ta faɗi.

"Innarmu..." ta ce. Muryarta ta koma ta yarinya. "La'ilaha illallahu. Ban taɓa ganin Innarmu ta tsufa ba sai yau."

Ta durƙusa, ta kama fuskar Kaka da hannu biyu tana shafawa, goshi, hanci, haɓa. Sai da suka haɗa kai na ga abin da ta gani. Ni da na tashi a gaban wannan fuska, yau ga ta guda biyu a kan tabarma ɗaya. Ikon Allah ya wuce tunanin mutum, wallahi ya wuce.

Kaka ba ta yi kuka ba tukuna. Ta riƙe hannun baƙuwar ta ce, "Ni ban tuna ki ba, ki yafe mini. Abu ɗaya nake so in sani. Mantawa suka yi da ni?"

"Wa zai manta da ke? Zazzaɓi ne ya kashe su a bayan Chadi, ko Makka ba su kai ba. Wanda ya kawo labari ya ce ba wanda ya rage, sai muka ɗauka har da ke. Duk Juma'a ina sadakar mutum uku, tun ina budurwa. Ashe ɗaya na nan tana shan ruwa."

Kaka ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa.

"To... ya sunana?"

"A'i. Sunanki A'i. Ni nake goya ki."

"A'i," Kaka ta faɗa, tana ɗanɗana shi a baki. Sai kukan ya zo, na shekara saba'in, har maƙwabta suka shigo. Mahaifiyata na kuka, Baba ya fita waje yana share ido da hula, Naziru ya jingina da bango yana ta salati.

Da aka ɗan natsa, Inna Amarya ta waiga ta gan ni a raɓe.

"Uwani, wannan ce yarinyar da kika ce sai an binciko asalinta?"

Hajiya ta kasa ɗaga kai.

"To an binciko, ga ni zaune. Ya ishe ki ko a ƙaro?"

Hajiya ta taso ta rungume ni, tana cewa, "Yafe mini 'yata, yafe mini." Da na shirya mata maganganu da yawa a raina, tun ranar da Naziru ya zo da saƙonta. Ko ɗaya ban tuna ba.

Bayan an kwashe tattasai aka ɗaura mana aure. Rigima ɗaya aka yi a bikin, ita ma Inna Amarya ta tayar. Dangin ango sun cika gidan Hajiya a Diffa, baƙi daga Damagaram suna ta tambayar ina uwar gayya, aka turo Naziru da mota ya ɗauke ta. Ya same ta a ɗakin Kaka, suna cin tuwo a kwano ɗaya.

"Inna, ki taso, can ne gefenki. Ke fa kakar ango ce."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kama hannun Kaka ta riƙe gam.

"An raba mu sau ɗaya, ina ƙarama, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu kuwa mai son gani na ya zo nan."

Naziru ya dube ni ta ƙofar ɗaki, ina cikin lulluɓi ina dariya da hawaye. Ya juya da motar ba kowa a ciki. Kafin azahar ya dawo, motocin Damagaram na biye da shi, aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gidanmu.