Mangwaro Biyu na Auta

A wani zamani, a wani gari mai tsananin zafin bazara, an yi wata yarinya da ƙanwarta, ƙanwar ana ce mata Auta. Auta ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Da Inna za ta tafi unguwa, sai ta ce wa yarinyar, "Kada ki bari ta shiga rana sai inuwa ta kai gindin randa."

Amma Auta ƙofa kawai take kallo.

Yarinyar ta yayyanka tsohon kwali, ta zana kayan bazara bibbiyu da gawayi: mangwaro, mafici da tulu. Ta ce, "Zo ki nemo wa kowanne ɗan'uwansa."

Auta ta ɗauki mangwaro biyu, ta turo baki. "Yaya, ba ɗaya ba ne. Wannan ai ƙwai ne!" Ta nufi ƙofa.

"Tsaya, zan sake."

Ta sake zanawa.

"Yaya, ba ɗaya ba ne. Wannan ya fi ƙiba." Auta ta zura takalmi ƙafa ɗaya.

"Tsaya, zan sake."

Gumi na ɗiga daga goshinta, ta ɗauko ragowar kwaɓaɓɓen lallen Inna. Ta zana mangwaro a kwali ɗaya, ta kifa wani a kai tun lallen bai bushe ba, ta danna, sannan ta raba su.

Auta ta duba wannan, ta duba wancan. "Ɗaya ne!" Ta cire takalmin. "Yi mini tulu."

Da Inna ta dawo, inuwa ta wuce randa. Ta ce, "Auta, yanzu kina iya fita."

Auta ko ɗagowa ba ta yi ba. "Inna, tsaya tukuna, mafici bai ga ɗan'uwansa ba."