Abin Nan da Ke Kan Sif

Da hantsi numfashin Ikhlas ya fara fito. Najeeba ta taka kujera ta sauko da kwalin da ke kan sif, ta ji shi sakayau. Na'urar da take shaƙa wa 'yarta magani ta yi ƙafa.

A gidan nan na unguwar Jekadafari ba a faɗin sunan ciwon. Surukarta Iya Joda ta hana, wai ciwon 'ya mace idan ya shiga bakin unguwa sai ya bi ta har girma. Da ciwon da na'urar, duk "abin nan" ake ce musu. Bayan mijinta da ke Bajoga wurin aiki, ba wanda ya sani sai su biyu.

Iya ce Najeeba ta fara zargi, don Iyar ta fi yarda da hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Amma tsohuwar a zaune take salla, ina ita ina hawa kujera?

Saura mutum biyu da suka shiga ɗakin jiya, mai kitso da mai gyaran wuta. Najeeba ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta fita, ta ƙudurta ba za ta ambaci sunan komai ba.

Ta tarar da Debby mai kitso a unguwar Herwagana, ta ce mata abin nan nata ya ɓata. Debby ta dafe ƙirji tana lissafo waya, sarƙa, atamfa, har da tukunyar gas. Ba ta ko kusa ba.

Rufa'i mai gyaran wuta yana ƙofar shagonsa. Shi ma haka ta faɗa masa.

Ya ce, "Haba Maman Ikhlas, ni da ba ni da mai asma, me zan yi da injin asibiti?"

Ta ce, "Wa ya ce maka inji ne? Kwalin taliya ne a ɗaure. Sai wanda ya kwance shi zai sani. Kuma da tsani ka shigo."

Maƙwabtan shago suka matso. Rufa'i ya dubi yarinyar, ƙirjinta na shiga yana fita, ya sunkuya ya jawo na'urar daga ƙarƙashin tebur. Wai mai saye bai zo ba tukun.

A soket ɗinsa ta jona ta, ta durƙusa nan ƙasa har fiton ya lafa.

Da ta koma gida Iya ta tambaya ko an ga abin nan.

Najeeba ta ce, "An gani. Kuma Iya, asma gare ta. Yau zan gaya wa maƙwabta, ko ba na nan su san abin yi."