Sifirin Motar Hajiya Indo

Zamanin da Sufeto Maitama ke ofishin 'yan sanda na Ƙaura, ko akuya ta ɓace sai ta dawo da ƙafarta. Ba a sake yin irinsa ba.

Ranar kasuwar Moriki, sai ga Hajiya Indo, mai motar ɗaukar hatsi, ta taso direbanta Gwadabe a gaba.

"Yallaɓai, a rufe shi. Makon jiya na sayi sabon sifirin, Lado makanike ya ɗaura, yau ya karye. Lodin ɓoye ya yi."

"Wallahi buhu arba'in na ɗauko, kamar kullum," in ji Gwadabe. "In ta kore ni da wanga suna, wa za ya sake ba ni makulli?"

Sufeto ya hau babur da kofur ɗinsa har inda motar ta durƙusa. Buhu arba'in ne cif. Ya kwanta ƙarƙashinta da kakinsa. Bakin karayar rabi ya yi tsatsa, rabi na walƙiya. Ya kankare baƙin fenti da wuƙa, sai ga tabon walda.

Daga nan sai garejin Lado.

"Sabo ka ɗaura?"

"Dal, yallaɓai. Lodi da ramuka su ka kashe sifirin."

"Tsohon fa?"

"Na ba Hammadu maƙeri. Kowa ya san can tsohon sifirin ka zuwa, a ƙera galma."

Sufeto ya wuce maƙera. Da Hammadu ya ji tambayar, sai ya ajiye guduma yana dariya. "Wata biyu rabona da ƙarfen Lado. Ga damina ta matso, manoma sai zarya suke yi mini."

Sufeto ya koma gareji. Lado na da wata tsohuwar mota akori-kura da ta shekara tana tafiya a karkace, duk garin an san ta. Yau ga ta tsaye ƙyam.

"Lado, wa ya yi wa tsohuwarka ɗori?"

Lado ya kama sosa ƙeya. Sufeto ya leƙa ƙasa. Ga sabon sifirin, har da sunan Hajiya da mai shago ya rubuta da farin fenti.

"Tsohon na liƙe na mayar mata," in ji Lado, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka zai kai kaka."

"Kai da sana'arka, ba ka san wuta na kashe ƙarfin sifirin ba? Allah ya so gero ta ɗauko, ba mutane ba. Kofur, sa masa ankwa."

Hajiya ta miƙa wa Gwadabe makulli. "Amshi, ɗan nan. Na yi maka laifi."

"Hajiya, a tasha kika ce mini ɓarawo. Can za ki maimaita."

Ta kuwa je ta maimaita, direbobi na ta danna ham.

Ana wucewa da Lado ta ƙofar maƙera, Hammadu ya ɗaga karyayyen sifirin da Hajiya ta ba shi.

"Lado, saƙonka ya iso. Na gode."